Yadda ake ɗora ƙaramin injin dizal a tsohuwar a-kori-kura

Tsohuwar a-kori-kura ba kasafai shasinta ke riga injinta gajiya ba. Bodi lafiya, aksul lafiya, amma injin fetur ɗin ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, kafireto kullum a hannun bakanike. A nan ne mai mota ke fara sha'awar dizal, kuma yana da hujja. Litar dizal ta fi litar fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, injin dizal yana matse iska ninki 17 zuwa 22 yayin da tsohon injin fetur ke tsayawa tsakanin 8 da 10, sannan ƙarfin jansa yana zuwa tun inji na juyawa a hankali, wanda shi ne abin da motar ɗaukar kaya ke so.

Sai dai ɗora injin kansa shi ne ɓangare mai sauƙi. Akwai abubuwan da injin fetur ke yi wa mota a ɓoye ba tare da kowa ya lura ba: yana ba birki iskar zuƙa, yana juyawa da saurin da giyar motar ta saba da shi, ba shi da nauyi, batir ƙarami ya ishe shi. Ranar da ka fitar da shi duk waɗannan sun tafi, kai ne za ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Yawancin motocin da aka fara wa wannan aiki aka yasar a bayan gareji, a nan suka maƙale.

Fara da motar, ba da injin ba

Shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma. Ƙwanƙwasa shasi daga gaba zuwa baya, musamman wajen da sifirin ke kamawa da gadar ƙarfen da ke ƙarƙashin inji. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji buf, ko ya fara zubar da ɓawo. Dizal yana da girgiza da nauyi, duk inda shasi ya yi rauni zai tsage shi. Idan tsatsar ta yi nisa, a gyara shasin tukuna ko a haƙura da aikin.

Sannan ka tambayi hukumar rajistar motoci ta inda kake. Lambar inji da nau'in man da mota ke sha suna cikin takardu a ƙasashe da yawa, wasu kuma suna da dokar hayaƙi da ke hana sa injin da ya girmi motar. Kamfanin inshora ma a sanar da shi. Ka san wannan kafin ka kashe ko sisi.

Wane inji?

Hanya mafi sauƙi, kuma wadda nake ba kowa shawara, ita ce neman injin dizal ɗin da kamfanin ya taɓa sa wa irin wannan mota. Toyota Hilux ta fito da fetur ta kuma fito da dizal: 2L mai lita 2.4, 3L mai lita 2.8, 5L mai lita 3.0. Nissan na da TD27 mai lita 2.7, Isuzu na da 4JA1 mai 2.5 da 4JB1 mai 2.8, Mitsubishi na da 4D56 mai 2.5, Peugeot 504 kuma ta fito da injin dizal mai lita 2.3. Idan aka tsaya cikin gida ɗaya, kujerun inji, kaskon baƙin mai, lagireto da wayoyi duk akwai su a ƙere, nemowa kawai za a yi.

Idan za a tsallaka zuwa wani kamfani, sunayen da aka fi ji su ne Mercedes OM617 mai silinda 5 da lita 3.0, Volkswagen 1.9 TDI, da Cummins 4BT mai lita 3.9. Wannan na ƙarshe mutane na yawan ruɗuwa da shi don an ce silinda 4 ne. Nauyinsa ya kai kilo 340, dogo ne, ga girgiza. A babbar a-kori-kura daidai ne, amma a ƙarama zai durƙusar da gaban motar. A 2017 Cummins ta fitar da R2.8 musamman don masu irin wannan sauyi, mai ƙarfin doki 161 da nauyin da bai kai kilo 230 ba, sai dai shi da TDI duk kwamfuta ke sarrafa su.

Wannan ne babban rabe-raben da za ka yanke hukunci a kai. Inji mai famfon mai na gargajiya waya ɗaya yake buƙata ya ci gaba da aiki, wato wayar da ke buɗe wa mai hanya. Mai kwamfuta kuwa sai da kwamfutarsa, da dukkan wayoyinsa, da fedar totur ɗinsa, wani lokaci har da makullin da aka haɗa su tare a masana'anta. Wanda aikinsa na farko ke nan, ya ɗauki na gargajiya. Ba zai yi gudun sabon inji ba (3L ƙarfinsa bai wuce doki 90 da 'yan kai ba), amma kowane makaniki zai iya taɓa shi.

Kada ka sayi injin da ba ka ji kukansa ba

A tayar maka da shi yana sanyi. Taɓa shi da hannu kafin a tayar, domin injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye laifinsa. Farin hayaƙi na 'yan daƙiƙu ba komai ba ne, wanda ya ƙi ɗaukewa yana nuna matsi ya yi ƙasa, ko nozul (masu fesa dizal cikin inji) sun lalace, ko ruwa na shiga silinda. Shuɗi, baƙin mai yake ƙonawa. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka aza shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba: idan yana rawa kaɗan babu laifi, idan iska na tunkuɗe shi, rin ɗin fistin sun tafi. Idan akwai na'urar auna matsi, a auna kowace silinda, abin dubawa shi ne kada ɗaya ta yi nisa da sauran.

Ka sayi injin da kayansa duka: sitata, altaneta, fulawil, kuloci, gidan filtar mai, kujerun inji, rile na hita (su hita su ne fulogin da ke ɗumama silinda kafin a tayar da inji). In da hali, har da giyabos ɗinsa. Mafi kyau ma a sayi motar da ta yi haɗari gaba ɗaya a ajiye ta kusa, saboda ƙananan ƙarafa da kusoshin da za ka riƙa nema sun fi yadda kake zato.

Tun injin na ƙasa, kafin ya shiga mota, a canza duk abin da zai yi wahalar kaiwa daga baya: robar bayan karanshaf, famfon ruwa, hita. Idan mai bel ɗin taimin ne, kamar injunan L na Toyota da 4D56, a sa sabo ko da mai sayarwa ya rantse jiya aka canza. Bel ɗin nan idan ya tsinke, fistin da bawul ne za su yi karo.

Awo da fitar da tsohon inji

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ɗauki hotuna ta kowane ɓangare, ka manna wa kowace waya takarda da sunanta. Auna tsawon ɗakin inji daga bangon gaban direba zuwa lagireto, faɗinsa tsakanin ƙafafun shasi, da zurfinsa daga bonet zuwa gadar ƙasa. Auna kuma nisan tsakiyar taya zuwa bakin bodi, ka rubuta, za ka buƙace shi idan sabon nauyi ya hau. Cire batir, tsiyaye ruwa da mai, a ɗaga injin da cen-bulok. Wanke ɗakin fes.

Haɗa inji da giyabos

A nan gizo ke saƙa. Idan ka zo da giyabos ɗin dizal ɗin, ka huta da rabin ciwon kai: abin da ya rage shi ne matsar da kujerar giyabos, duba inda sandar giya za ta ɓullo a cikin mota, da rage ko ƙara tsawon farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa difaransha. Farfelar da aka yanka aka yi wa walda dole a kai ta inda ake daidaita ta a kan na'ura, in ba haka ba za ta riƙa kaɗa mota ta cinye giyabos.

Idan tsohon giyabos za a riƙe, sai an sa farantin haɗi tsakaninsa da injin. Akwai na sayarwa don haɗin da aka saba yi, kamar OM617 ko TDI da giyabos ɗin Toyota, wanda babu kuma sai mai injin yankan ƙarfe ya ƙera. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne tsakiyar karanshaf da tsakiyar sandar giyabos su zauna a layi ɗaya. Kaucewar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.13 ba, kuma da agogon awo ake duba ta, ba da ido ba. Farantin da aka huda da zato zai yi aiki na ɗan lokaci, daga nan giya ta fara fita da kanta, boris ɗin giyabos ya fara kuka.

Sai kuloci. Farantinsa dole haƙoransa su dace da sandar giyabos, faɗinsa kuma ya dace da fulawil ɗin dizal. Ƙaramin boris ɗin da ke cikin gindin karanshaf, inda kan sandar ke shiga, shi ma sai an samo ko an ƙera mai girman da ya dace da ɓangarorin biyu. Kada a rage wa fulawil ɗin dizal nauyi: nauyin ne ke shanye bugun kowace silinda. Ka kuma tambayi kanka ko giyabos ɗin zai iya ɗauka. Na ƙaramin injin fetur da aka haɗa da dizal mai turbo, giya ta 5 ce ke fara mutuwa, musamman ga direban da ke son taka totur da kaya alhali inji na juyawa ƙasa-ƙasa.

Zaunar da inji

Haɗa inji da giyabos a ƙasa, a zura su tare, a bar su rataye a cen-bulok, giyabos a kan jak. Kada a taɓa na'urar walda tukuna. Motar ta tsaya a kan tayoyinta a daben da ya miƙe, domin a haka ne za ka ga ainihin tazarar da ke tsakanin kaskon mai da aksul ko gadar ƙasa.

Duba kasko da farko. Injin da ya fito daga ƙaramar mota ko bas sau da yawa zurfin kaskonsa yana gaba, daidai inda sandar sitiyari ko difaransha ta gaba take a a-kori-kura. Mafita ita ce neman kaskon irin injin mai zurfi a baya, tare da bututun zuƙo mai nasa, ko a yanka a sake ƙera shi ba tare da rage yawan man da yake ɗauka ba. A mota mai aksul ɗin gaba guda, ka tuna aksul ɗin na tashi sama idan an faɗa rami, sai a bar masa wuri har iyakar tashinsa. Juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga babu abin da ke gogawa. Ko'ina a bar aƙalla santimita 2 tsakanin inji da jikin mota, saboda dizal na jijjiga sosai wajen tashi da wajen mutuwa. Tabbatar za a iya cire filtar baƙin mai da sitata ba sai an sake ɗaga inji ba. Wannan ƙaramin abu ne da ke sa a tsine wa mai aiki shekaru bayan ya gama.

Inji ba ya kwanciya a miƙe sak, bayansa na ɗan sunkuyawa, galibi wajen digiri 3. Abin da ake nema shi ne layin giyabos ya yi daidai da layin bakin difaransha ta baya, don mahaɗan farfela biyu su yi aiki a kusurwa ɗaya. Manhajar auna kusurwa ta wayar hannu ta isa wannan aiki.

Idan komai ya zauna, yanka samfurin kujerun da kwali, a fitar da su a ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, a ɗiga walda kaɗan, a sauke nauyin injin a sake dubawa. Sai an gamsu za a fitar da injin a yi cikakkiyar walda. Robobin kujera a yi amfani da na dizal ɗin. Masu ɗaure inji ƙarfe da ƙarfe don wai ya fi ƙarfi, madubi da kusoshin bodi ne ke biyan bashin.

Yanzu sake auna tsayin gaban motar. Idan ya sauka, a sa sifirin mai ƙarfi, ko a ɗan ƙara wa sandar murɗi idan irin wannan ƙafar gare ta, a canza shokozoba, a sake saita tayoyi.

Lissafin giya

Injin fetur na iya kaiwa juyi 5,500 a minti. Ƙananan dizal na Japan ƙarfinsu na ƙarewa wajen 4,000, 4BT kuwa wajen 2,500 aka kayyade shi. Don haka a yi lissafi. Taya 185R14 kewayenta kusan mita 2.04 ne, a gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa sau 817 a minti. Idan difaransha 4.10 ce (wato farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya), giya ta 4 kuma ɗaya-da-ɗaya, inji zai riƙa juyi 3,350. Ga 3L wannan ihu ne da shan mai, ga 4BT kuwa ba zai ma kai gudun ba. Da taya mai inci 31 da giya ta 5 mai 0.83, lissafin ya sauko kusan 2,300, inda ƙaramin dizal ke jin daɗinsa. Gyaran ɗayan uku ne: giyabos mai giya 5, difaransha mai ƙaramar lamba, ko taya mai tsayi. Kada dai a wuce gona da iri da tsayin taya, domin injin da ba shi da turbo zai kasa hawa tudu da kaya.

Layin mai

Sauke tanki a wanke shi. Tankin fetur ko da babu komai a ciki tururinsa na fashewa, kada wuta ko walda ta kusance shi. Idan cikinsa shafen zinki ne, a canza shi, dizal na narkar da zinki ya kai shi nozul. Idan akwai famfon fetur mai matsi a cikin tankin, a cire a sa bututun zuƙa kawai. Dizal na buƙatar layi biyu, na zuwa da na komawa, kuma tsofaffin motoci masu kafireto da yawa ba su da na komawar, sai a ja sabo. Duk tiyo a sa wanda aka yi don dizal. Tsakanin tanki da inji a sa filta mai raba ruwa da mai, mai famfon hannu a kanta. Ruwa ne babban makashin famfon dizal. A rubuta DIZAL da manyan baƙaƙe a murfin tanki, don ranar da wani zai ari motar.

Birki

Tukunyar da ke sauƙaƙa taka birki da iskar zuƙa take aiki, injin fetur kuma yana samar da ita ne saboda farantin totur da ke toshe masa iska. Dizal ba shi da wannan faranti. Yawancin dizal na Japan suna da famfon zuƙa manne a bayan altaneta, da tiyon baƙin mai na shiga da fita, wasu kuma a jikin injin yake. Shi ya sa ake sayen injin da altanetarsa. Ja tiyo mai tauri daga famfon zuwa tukunyar, da bawul mai hana iska komawa, in da wuri a ƙara ƙaramar tukunyar ajiya. Idan injin ba shi da famfon, akwai na lantarki. Motar da ba a gama wannan ba kada ta fita titi ko don gwaji.

Lantarki

Batir ya zama babba, wayoyin sitata masu kauri, a ja wayar ƙasa mai kauri daga batir zuwa jikin inji da wata zuwa shasi. Rabin "injin nan ba ya son tashi" daga siririyar wayar ƙasa yake. Wayar da a da ke zuwa kwayil ita za ta koma kan makunnin mai na famfo, wato abin da ke buɗe wa dizal hanya, amma a duba tana kawo cikakken bolt 12, domin wasu tsofaffin motoci na da abin rage wuta a layin, sannan kada ta ɗauke lokacin da ake murɗa makulli. Hita suna jan wuta da yawa, sai ta rile da fiyus, da na'urar ƙidayar lokaci ko maɓallin dannawa. Na'urorin zafin ruwa da matsin baƙin mai a sa na tsohon injin a jikin sabon don agogon dashbod ya faɗi gaskiya. Agogon juyin inji ba shi da kwayil da zai karanta yanzu, ana ɗaukar masa sigina daga altaneta.

Ruwa, iska da salansa

Lagireto sabo ko wankakke, da rumfar fanka a kewaye. Iskar da inji zai sha a ɗauko ta daga wajen da ba zafi kuma ruwa ba ya kaiwa, domin dizal da ya zuƙi ruwa sandar fistin yake lanƙwasawa. Salansa ta fi ta fetur faɗi, inci 2.5 ya isa yawancin ƙananan masu turbo, a sa mahaɗi mai lanƙwasa kusa da inji. Mai turbo a sa masa agogon zafin hayaƙi kafin turbo, a riƙa ɗaga ƙafa idan ya doshi digiri 700 a ma'aunin Celsius.

Tashin farko

Zuba baƙin man dizal da ruwa. Cire wayar makunnin mai, a juya inji da sitata na daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta, a sake, har fitilar baƙin mai ta mutu. Mayar da wayar. Sassauta kusar fitar da iska a kan filta, ka yi ta danna famfon hannu har mai ya fito babu kumfa. Sassauta notin bututun nozul, a juya inji har mai ya fara tsartuwa, a ɗaure. Kada ka sa yatsa neman yoyo a waɗannan bututu, matsin na huda fata, kuma raunin na asibiti ne nan take.

Ajiye faffaɗan katako kusa da bakin shan iska. Injin da turbo ɗinsa ke yoyo na iya kama shan baƙin mansa ya yi ta hawa, kashe makulli ba zai tsayar da shi ba, sai an toshe masa iska, kuma da katako ake toshewa, ba da tafin hannu ba. Kada a fesa masa maganin tayar da inji alhali hita na da zafi.

Ya tashi, a bar shi ya ɗumama ana duba yoyo, a gwada birki a tsaye, sannan a zaga kusa babu kaya. Saurari girgizar da ke zuwa a wani gudu na musamman, wannan kusurwar farfela ce. Baƙin hayaƙi idan an taka yana nufin mai ya fi iska yawa. Bayan kilomita 500 na farko a bi kusoshin kujerun inji, farantin haɗi, farfela da salansa a sake ɗaurewa, a duba waldar ko ta fara tsagewa, a canza baƙin mai da filtar dizal, domin dattin da ya rage a tsohon tanki a cikinta zai taru. Sai a kai motar a shigar da sabuwar lambar inji cikin takardu.